Na Share Waken Maigidana da Hannuna

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Binta daga Kwaciri. A karanta wannan, ko wata za ta tsira.

Marigayi maigidana yakan shuka wake da rani a kangon bayan gidanmu. Ba ya huɗa. Rami kawai yake tonawa ya jefa iri, ya lulluɓe ƙasar da busasshiyar ciyawa, sai bayan kwana uku ya ba ta ruwa. Ban taɓa tambayarsa dalili ba.

Bana ya rasu waken yana fure. Ranar sadakar bakwai ƙanwarsa ta leƙa kangon ta ce, "Yaya, wannan juji ai macizai zai tara miki." Na ji kunya, na share ciyawar tas, na ƙone.

Sai zafi ya taso, rijiyarmu ta ja baya, ƙasar ta tsattsage. Kullum da safe ina zuba ruwan 'yan garuwa, kafin azahar kamar ban zuba ba. Furen duk ya kakkaɓe. Da Maman Chika, ƙawata daga Sabon Gari, ta zo gaisuwa, ta ce, "Binta, ai ciyawar ce ke riƙe danshi." A nan na durƙushe ina kuka. Ko kwano ɗaya ban girba ba.

Irin da ya bari bai cika tafin hannu ba. Manoma, don Allah, yaya kaurin ciyawar zai kasance, kuma yaya zan gane ƙasa tana son ruwa? Ina tsoron in kashe wannan ma.