Ajiye Butar Nan, Kira Mutane

Malam liman, shugaban al'ummarmu ta Doha, dattawa, Hajiya Safiya matar marigayi, 'yan'uwa Musulmi da Kirista, assalamu alaikum.

An ce in yi magana kan Malam Iliasu, in kuma tausasa harshe. Maganar zan yi. Tausasawar kam, ku gafarce ni.

Ya kasance mai wanke mana mamatanmu. Ya kasance ba ya tambaya ɗan Kano ne ko ɗan zangon Kumasi. Lokacin korona aka kawo masa gawar Bawah, mai gadi a unguwar West Bay, wanda wasu 'yan sanda suka kama wai takunkuminsa ya zame. Aka ce zuciyarsa ce ta tsaya. Malam ya yaye mayafi, sai ga shatin ankwa, ga tabon duka har gadon baya. Ni ke zuba masa ruwa ranar. Ya ce, "Rufa'i, ajiye butar nan, kira mutane."

Mun tashi mun tarar mai wanka ba ya faɗin abin da ya gani. Malam ya ce asirin mamaci aka ce a rufa, ba na wanda ya kashe shi ba. Daga ranar ba mu ƙara sa namu a likkafani ba sai shaidu sun gani da idonsu, sannan mu ɗunguma mu kai ƙara. Ana korar mu, muna komawa.

Da gasar ƙwallon duniya ta matso, aka kwashe yaranmu daga masaukinsu, kada baƙi su ga baƙar fata. Malam ya bi sawunsu, shi ma 'yan sanda suka riƙe shi. Ya fito yana tofar da jini, bai ƙara tashi ba. Wai zuciya. Zuciya kuma! Ni na wanke shi, jama'a. Na ajiye buta, na kira mutane.

Hajiya Safiya, mun san masu zuwa miki da daɗin baki, wai ki janye ƙarar da kika kai, khalas, a wuce wurin, kada kafil, ubangidan da ya tsaya miki, ya soke miki takardar zama. Kada ki janye. In za a kore ki, sai dai a haɗa da mu. Wallahi mun san fuskokin waɗanda suka kashe Malam, kuma ba za su sake barci mai daɗi ba sai sun tsaya gaban alƙali.

Mun gode da zuwanku. Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka kabarinsa. Mun yafe masa duk abin da ke tsakaninmu. Su kuwa ba mu yafe ba. Allah ya isa!