Rediyon da Aka Harhaɗa Mini a Damazin

Assalamu alaikum mai gabatarwa. Sunana Isiyaku, manomi ne ni kusa da Rusairis.

Ɗana soja ne a Kudu, ba wasiƙa ba saƙo. Na sayar da riɗina don in sami rediyo in riƙa jin labarin can. Matata ta ce, "Malam, sayi sabo a kanti." Amma na je wurin wani mai gyara a Damazin, ya harhaɗa mini daga tsofaffin kayayyaki. Kashegari rediyon ya yi hayaƙi ya mutu. Na koma, mutumin ya bar garin.

Yaya zan yi? Ko amsarku ba zan ji ba. Wanda ya ji, don Allah ya zo ya gaya mini.