Kauci a Ƙofar Gida

A wani shagon gwanjo da ke hanyar Summerfield a ƙasar Turawa na ji wani dattijo da wata mata suna magana a gaban kantar ƙananan gidajen tangaran na ado.

"Baba, wanda ke hannunka nake nema. Shi kaɗai ya rage jerina ya cika."

"Na riga ki, 'yata. Dubi ganyen da ke rataye a ƙofarsa, ai kauci ne. Mu a gida magani ne."

"Wa za ka kai wa?"

"Uwar mijin 'yata. Baturiya ce mai tara su, ta gayyace ni cin abincin Kirsimeti."

"Ka san ma'anar kauci a wajensu kuwa? Namiji da mace in suka tsaya ƙarƙashinsa, sai sun sumbaci juna. Shi za ka miƙa wa surukarka?"

Dattijon yana jujjuya gidan, sai matar ta miƙo hannu.

"Ga wani gidan mai rijiya, ɗauke shi ka bar mini wannan."

"A'a, wannan aka ce mini tana nema. Lokacin da 'yata ta kwanta asibiti ban samu biza ba, uwarta kuma ta rasu. Baturiyar nan ce ta yi jinyarta har ta miƙe."

"In suka yi maka dariya fa?"

"Su yi. Wadda ta riƙe mini 'ya, ko kaucin gaske ta nema, da tsufana zan hau bishiya in ciro mata."

Matar ta janye hannunta. "To, ka ce su naɗe maka shi da kyau, Baba. Rufin nan ba ya wuyar fashewa."