Karayar Hannun Nura a Filin Ƙwallon Kwando

Salamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Ladi, daga wani ƙauye kusa da Makoda.

Mahaifina da amininsa Malam Sabo ne suka kafa kulob ɗin ƙwallon kwando na garinmu tun muna yara. Baba Kirista ne, Malam Sabo Musulmi, kuma har yau jikokinsu tare suke wasa. 'Yan kulob ɗin nan ne ke taya tsofaffi girbin gero, su kai mara lafiya asibiti.

Ranar Asabar ana wasa, ɗana Iliya ya ture Nura, jikan Malam Sabo, hannunsa ya karye. Kafin magariba magana ta koma wai da gangan ne, saboda addini. Da idona na ga baƙin samari suna zagaya filin da gorori. Har yanzu Iliya ya kasa fita daga ɗaki.

Jiya na je duba Nura, ya ce min, "Inna, wallahi tsautsayi ne, ki gaishe da Iliya."

Malam, don Allah ka maimaita maganar yaron nan kowa ya ji. Wajen wa zan je kafin a zubar da jini?