Akwatin da Ya Hana a Gaishe Ni

Assalamu alaikum mai gabatarwa. Malam Sule Mai Goro ne daga mararrabar Jahun. Shekara da shekaru ina aiko kukana, kun ƙi karantawa.

Tun da Dutse ta zama hedikwatar jiha nake gindin tsamiyar nan. A da direba ba ya wucewa sai ya tsaya: "Baba, ina wuni? Ina hanyar Jahun?" In nuna masa, ya sayi goro, mu taɓa hira.

Yanzu sai su wuce fuu, wani akwati mai magana a cikin mota yana gaya musu hanya. Har ɗana Habu ya kawo guda biyu, wai in zaɓar wa motarsa! Na ce, "Wanne ya iya gaisuwa?"

To yau ku ba ni amsa: in an daina tambaya, wa zai ƙara tsayawa wurina?