Kulocin Dattijon Mai'adua

A bakin tashar Daura, wani dattijo ɗan acaɓa ya turo babur rumfar bakanike Kabo.

"Samari, duba min kulocin nan. Ko na matse shi, babur ɗin jan gaba yake, giya ta ƙi shiga."

Kabo ya hau, ya matse, giya ta shiga lafiya lau.

"Baba, kulocinka ƙalau yake."

"Kai dai ɗaure wayar kulocin."

"Ai a ɗaure take. In na ƙara, kuloci zai ƙone. Daga ina kake?"

"Mai'adua."

"Duk kanikawan Mai'adua, sai ka zo Daura? Matse mu gani."

Dattijon ya ɗora hannun hagu a kan kulocin. Yatsun suka yi rabin hanya, suka tsaya suna rawa. Kabo ya kawar da kai.

"Tun yaushe?"

"Tun ƙaramar Sallah. Can kowa ya san ni. In magana ta fita, wa zai ƙara hawa bayana?"

"Baba, asibiti ya kamata ka je."

"Na je, wai in huta. Hutun ne zai ciyar da gidana?" Ya ɗauki sufana ya miƙa wa Kabo. "Ɗaure, ɗana. Shi kuloci in ya ƙone, akwai wani a kasuwa."