Katin da Malam Bai Cike Ba

Assalamu alaikum. Shugabar makaranta, malamanmu, Inna uwargidan marigayi, Yaya babban ɗansa, da sauran iyaye, muna yi muku ta'aziyya. 'Yan ajinmu ne suka tsayar da ni in yi magana a madadinsu.

Malam ya kasance mai kula da ɗakin karatunmu shekara ashirin da shida. Mu muka laƙaba masa Malam Zabo, saboda tabon tawada da ke gaban rigarsa. Ranar da ya ji, muka tsure. Sai ya ce, "Zabo ɗigo-ɗigo ne, 'yan nema. Rigata dabbare-dabbare ce. In za ku yi tsiya, ku yi ta daidai."

Ya kasance yana tara kalmomin zanen jikin dabbobi a kan katuna, cikin akwatin takalmi. Shi ya nuna mana ɗigo-ɗigo daga ɗigar ruwa ta fito, kaza wake-wake kuma daga wake mai baƙi da fari. Ba ya rubuta kalma sai tsofaffi uku sun faɗe ta. Na kawo masa roɗi-roɗi daga bakin kakata, ya ce, "Saura biyu, jeki." Na yi fushi, amma na je.

Ya kasance ba ya jin kunyar cewa bai sani ba. A ƙarshen akwatin akwai kati ɗaya, an manna gashin kaza, babu rubutu. Mahaifiyarsa tana da sunan da take kiran kazar da ɗigonta ya tsaya a wuya kawai. Ya manta shi. Har ya kwanta ciwo yana nema.

Yaya, mun ji za ka tafi da akwatin ka adana shi a gida. Haƙƙinku ne. Amma Inna, Yaya, muna roƙonku ku bar mana shi. A kulle, ba mai ƙara masa ko kalma ɗaya. Mu goma sha ɗaya ne, mun raba unguwanni, kuma ba za mu rubuta komai ba sai mutum uku sun faɗa.

Mun gode da kuka saurare mu. Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka kabarinsa, ya ba iyalinsa haƙuri.

Kakanninmu da ke nan, ga katin mai gashin a hannuna, ko wani zai tuna sunan kazar. In an tashi, ina bakin ƙofa.